Neman Sandar Mai Cokali

Abin da na fara yi da muka shiga ɗakin otal a Guangzhou, tun ban cire takalmi ba, shi ne na buɗe jaka na duba gwangwanin. Na duba shi a jirgin sama, na duba a Hong Kong, na sake dubawa a jirgin ƙasan da ya shigo da mu, amma zuciyata ba ta kwanta ba sai da na ƙara ɗaga murfin.

"Sagiru," in ji Kawu Sabo, yana kwance rigingine a gado da babbar rigarsa, "ka ƙara buɗe gwangwanin nan, wallahi ta taga zan wurga shi. Zinariya ce a ciki?"

Ba zinariya ba ce. Wata 'yar waya ce da aka lanƙwasa gida biyu. A hannu ɗaya akwai ƙarafa biyu masu kama da kan cokali, a ɗaya hannun kuma curin dalma da ƙugiya, an lulluɓe ƙugiyar da gezar roba wadda ta riga ta koɗe. In ana jan sa cikin ruwa, cokulan su riƙa juyawa suna walƙiya, babban kifi ya zaci ƙaramin kifi ne yake gudu. Mahaifina yana ce masa mai cokali. Wani Bature da ya yi aiki a dam ɗin Tiga ne ya bar masa shi tare da sandarsa, tun ina firamare. Baba ne yake tuƙa shi a kwale-kwale ranar Lahadi, su kutsa tsakanin itatuwan da ruwa ya cinye, inda ragar birgi ba ta faɗawa, su fito da giwan ruwa. Sandar ta karye da daɗewa, a bakin wani kifi da har yanzu Baba bai yafe masa ba. Mai cokali ya koma gwangwani.

Daminar da ta gabaci tafiyata, ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, bakin ya dawo, hannun ne ya tsaya a rabi. Yana iya damƙe abu, yana iya juya shi a hankali, amma ba ya ɗaga shi ya wuce ƙirji. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana watsa birgi ya koma zaman gindin darbejiya, yana hangen ruwa daga nesa. Yayana Habu ya samo wanda zai sayi kwale-kwalen. Ba mugunta ba ce, a ganina. Itace in ya daɗe a tudu tsagewa yake yi, kuma Yaya Habu yana tsoron wata rana tsohon ya lallaɓa ya shiga ruwa shi kaɗai. Baba bai ce a'a ba. Cewa ya yi a jira Sagiru ya dawo. Sannan ya miƙo mini gwangwanin da hagu.

"Ka nemo mini sandarsa."

"Wace iri, Baba? Doguwa ko gajera?"

"Kai da ka yi digiri?"

Digirina na labarin ƙasa ne, kuma har lokacin babu wanda ya ba ni aiki da shi. Kawu Sabo, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwa ne a Kwari. Ya ɗauko ni ne saboda Turanci, in riƙa karanta masa takardun kwantena.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, Hong Kong ba ta daɗe da komawa hannun Caina ba, kuma mu Hausawa ba mu da yawa a garin. Yawanci waɗanda suka saba da Bankok ne suka fara leƙowa. In muna tafiya a titi, masu babur su rage gudu su kalle mu. Wata tsohuwa ta taɓa shafa hannuna a cikin bas, ta duba yatsanta ko wani abu ya goge. Ban ji haushi sosai ba, ko kuma na ji amma ba ni da lokacinsa. Zafin garin ne ya fi damuna, zafi mai ɗanko, ka yi wanka ka fito kana zufa. Ga ƙarar gini ko'ina, gadoji a kan gadoji. Ban taɓa zama wuri ɗaya na ji na zauna ba.

Kullum da safe Shahe muke nufa, kasuwar tufafi. Kawu ya ɗaga riga, mai kanti ya danna kalkuleta ya miƙo, Kawu ya goge ya danna nasa ya mayar. Turancina kusan bai yi amfani ba. Kalmomi kaɗan ne suke tafiyar da kasuwar, kuma Kawu ya riga ni iya su: nihaw in za ka gaisa, lawban in za ka kira mai kanti, me-yo in an ce maka babu. Wannan ta ƙarshen ce ta zama tawa. Duk inda muka ɗan tsaya, in fito da mai cokali in nuna, in yi kamar ina jifa da sanda. A karɓa a juya shi, a kira maƙwabci ya gani, a yi dariya, a miƙo mini. Me-yo.

A otal ɗinmu akwai wani Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, mai sayen jakunkunan mata. Dogo ne, kullum da rawani a wuya ko a wannan zafin. Ɗakinsa ne majalisarmu bayan la'asar, domin shi ya taho da butar shayi da cuku, mu kuma da kilishi da yaji. Shi ya raɗa mini suna Digiri. Ran da ya ji abin da nake nema, sai da ya ajiye kofinsa.

"Mi? Sanda guda? Ka ƙetaro duniya duka ka sayi sanda guda?"

"Ai ta mahaifina ce, Alhaji. Guda ɗaya yake so."

"Mon ami, abokina, nan ba a sayen guda. Ko allura ce, dozin. Mu da munka taho daga Maraɗi, in na koma da abu guda, mata su ce Isufu ya karye. Alhaji Sabo, wanga ɗa naka wace lakkol, wace makaranta ya yi?"

"Ƙyale shi," in ji Kawu. "Ko lemo zai saya sai ya yi istihara."

Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma su ba su ga yadda Baba yake zama ba.

Tafintanmu wani saurayi ne mai jan taye, yana kiran kansa Tony. Duk abin da ka tambaye shi, no furoblam. Shi ya fara kai ni kantin kayan kamun kifi, a wani lungu bayan tashar mota. Aka fito mini da irin sandunan da mutanen garin suka fi so, dogaye masu shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ba zobba, ba wurin ɗaura keken naɗe zare. Da su ake zama a bakin tafki ana jiran kifi ya zo. Na ce wa Tony, cikin ladabi, kamar dai ba irinta ba ce, domin ta Baturen tana da zobba, kuma jifa ake yi da ita.

"Sem-sem," in ji Tony. "Kifi bai san bambanci ba."

Da na ƙi, aka shiga ciki aka ɗauko wata mai zobba, baƙa, mai ƙyalli. Na lanƙwasa ta, na duba zobban ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa. Tony yana kallon agogo. Ban gamsu ba, amma na ji kunyar ɓata masa lokaci, na ce to. Suka shiga da ita ciki wai za a naɗe mini. A otal na kwance. Ba ita ba ce. Zobban wannan a karkace suke, na taɓa na saman da yatsa ya faɗo a kan gado. Washegari na koma ni kaɗai, mai kantin ya dube ni kamar bai taɓa ganin baƙar fata ba. Me-yo. Tony kuwa ya ce laifin masana'anta ne, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai saboda ni.

Alhaji Isufu bai yi dariya ba a wannan karon, abin da ya ba ni mamaki.

"Digiri, ji nan. Abin da ka zaɓa, kada ya bar idonka. Ko masai za ka, tahi da shi. Duk anka yi muna haka."

Ranar Juma'a, bayan mun fito daga tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya, na nemi wurin buga waya. Gidanmu ba waya. Sai na kira wani shago a Kano, aka aika aka kira Yaya Habu daga garejin da yake aiki, na sake kira. Muryarsa tana zuwa a makare, muna ta karo da juna.

"Mutumin ya sake zuwa," ya ce. "Ya kawo kafinta ya duba katakon."

"Baba fa?"

"Yana nan. Ya daina sauka bakin ruwan ma. Ka samo abin?"

"Ina kan nema. Akwai alama."

"Sagiru, ka samo ko ba ka samo ba?"

Na ce layin yana yankewa. Yana yankewar kuwa, amma ba sosai ba.

Kantin gaskiyar, da ƙafata na same shi. Kawu ya aike ni kamfanin jiragen ruwa, na sauka a inda ba nan ba ne, ina neman hanya sai ga sanduna jere a bayan gilashi, kowace da zobbanta. Mai kantin mace ce, gajera, da tabarau a kan goshi, tana cin taliya a bayan teburinta. Na ce nihaw, lawban. Na buɗe gwangwanin. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga mai cokali ta hura cokulan suka juya, ta gyaɗa kai, ta nuna mini wani hoto a bango: kifi mai faɗin baki, kore-kore, kamar ƙaramin giwan ruwa. Daga baya na ji wai daga Amurka aka kawo irinsa, ana kiwonsa a tafkunan bayan gari.

Turancinta bai fi Cainancina da yawa ba, amma mun gane juna. Na buɗe hannuwa na nuna mata girman kifinmu. Ta zaro ido. "Afirika, big fish!" Ta ɗauko mini wata sanda doguwa, mai kauri kamar muciya, irin ta bakin teku. Na kama ta da hannu biyu, na danna kanta a ƙasa, ko gezau. Abin da ke raina kullum shi ne ta Baturen karyewa ta yi. In na kai wadda za ta karye a fitar farko, a gaban Yaya Habu da mai saye, magana ta ƙare. Wannan kuwa ko jaki aka ɗaura mata ba za ta karye ba.

Duk da haka ban saya ba. Na ce gobe. Na dawo na gwada wasu, na koma kan mai kaurin, na ce gobe. Ta koya mini yadda ake faɗin goben da harshensu, mintiyan, kuma ya zama sunana a layin. Ina shan kwana za ta ɗaga murya, "Mintiyan!" masu kantunan kusa su fashe da dariya. Takan zuba mini shayinsu maras sukari, ta bar ni in yi ta lanƙwasa sandunanta. Ban san abin da nake jira ba. Wani abu ne dai bai zauna mini ba, kuma na kasa gane ko mene ne.

Ana cikin haka lokacin tafiyarmu ya matso. Kawu ya gama da Shahe, saura jakunkuna, muka bi Alhaji Isufu a mota zuwa Shiling, garin da ko'ina warin fata da gam yake yi. Wajen loda kaya, wata dila ta zame daga saman motar, ni kuma da karambani na tare ta da hannun dama. Na ji wani abu ya ce ƙas a wuyan hannun. Kafin mu dawo gari ya kumbura. Ba karaya ba ce, in ji mai kemis, ya manna mini wata filasta mai warin kanumfari. Alhaji Isufu ya cire rawaninsa ya rataye mini hannun a wuya.

Da maraice muka je gidan abincin Musulmin Caina inda muka saba ci. Aka kawo shinkafa da naman rago. Na ɗauki cokali da hagu, shinkafar tana zubewa kafin ta kai baki.

"A'uzubillahi," in ji Kawu. "Da hagu, Sagiru?"

"Lalura ce, Kawu."

"Na sani. Ido ne bai saba ba."

Na ajiye cokalin. Tun da ciwon ya same shi, Baba ya daina cin abinci a zaure tare da mutane. Sai a kai masa ɗaki, ya tura ƙofa. Mun ɗauka rashin jin daɗin baki ne. A wannan teburin, da shinkafa a cinyata, na fara zargin ba shi ba ne. Ban iya gama abincin ba.

Washegari na tafi in ɗauko mai kaurin, domin gobe ta ƙare mini. Alhaji Isufu ya biyo ni, wai yana so ya ga ranar da Digiri zai yanke shawara. Lawban ta ga hannuna ta yi ta surutu da harshenta, ta miƙo mini sandar. Na karɓa da hagu. Kan sandar ya rinjaye ni, ya bugi fankar sama, ya dawo ya share wasu kwalaye daga kan teburi. Na sake ɗagawa, wuyan hannuna ya kasa ɗaukar nauyinta. Wannan ce sandar da na yi ta yabo, amma da hannu biyu nake yabonta, hannuwan saurayi. Na san tun daga gida cewa hannun Baba ɗaya ne. Sani ne kawai a ka, bai taɓa sauka jikina ba sai ranar.

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce baba, ashe su ma haka suke cewa. Na karkata kafaɗa, na saki hannun dama, na nuna gemu. Sai ta kwashi sanduna ta ɗaure su da roba, ta ja ƙofar kantin ta sa kwaɗo, da rana tsaka, ta tare mana tasi.

Tafkin na wani ɗan'uwan mijinta ne, can bayan gari, tsakanin gonakin ayaba da wata masana'anta mai hayaƙi. Ruwan kore ne, an kafa gora a gefe-gefe. Tun da na bar gida ban tsaya a bakin ruwan da ba jirage a kansa ba. Ƙamshin laka ya bugi hancina, sai da na juya baya na ɗan wani lokaci.

Na yi ta shawara da zuciyata kafin in ɗaura mai cokalin Baba. In ya maƙale a ƙasan tafkin wani mutum a Caina, me zan ce? Amma nauyinsa ne sandar za ta jefa, ba nauyin wani ba. Na ƙulla shi da haƙori da yatsun hagu, irin ƙullin da Baba ya koya mana.

Na fara da mai kaurin, don in yi mata adalci. Mai cokali ya faɗi kusa da ƙafata, ruwa ya fantsamo wa Alhaji Isufu.

"Barka, Digiri! Ka kama takalminka."

Na koma kan wata siririya, mara nauyi ko kaɗan. Ta yi jifa mai kyau. Keken zaren hannunsa a hagu yake, lawban ta kwance shi ta mayar dama, na riƙa juyawa da yatsuna masu kumburi, a hankali, yadda Baba zai iya. Wani abu ya fizga. Na ɗaga, sandar ta lanƙwashe har gindi kamar ɗanyen kara, ƙugiyar ba ta shiga ba, kifin ya tofar ya tafi. Ƙugiyar mai cokali babba ce, tana son sanda mai ƙashin baya.

Sai wata toka-toka, ba kyan gani, wadda na sha wucewa a kanti. Tsawonta ya ɗan fi ni. Kanta yana da taushi, daga tsakiya zuwa ƙasa kuma a tsaye take. Mariƙinta dogo ne, ya kwanta a bayan damtsena har gwiwar hannu, nauyin ya bar wuyan hannun. Ban yi wani ƙarfi ba, na ɗan kaɗa kawai, kan sandar ya lanƙwasa ya harba mai cokali har kusa da gorar tsallake. Na tokare gindinta a cikina na fara naɗowa. Ina jin cokulan suna juyawa, dif-dif-dif, ta cikin sandar har tafin hannuna. Da suka taɓa gora na ji. Da bugun ya tsaya cak, na jingina baya da jikina gaba ɗaya, ba da hannu ba, sai sandar ta yi nauyi.

Kifin bai kai damtsena ba. Alhaji Isufu ya yi ta kabbara kamar an ci yaƙi, ya shiga laka da takalminsa ya ɗago shi.

Lawban ta tafa, amma ta ɗauko mai kaurin ta sake nuna mini. Ta buɗe hannuwa yadda na taɓa buɗe mata. Afirika, big fish. Ta kama toka-tokar ta yi alamar karyewa. Gaskiyarta ne, kuma abin da ya hana ni barci ke nan tun zuwana. Giwan ruwan Tiga zai iya haɗiye wannan kifin nasu bai sani ba. Wataƙila ta karye. Amma wadda ba za ta karye ba, a jingine za ta tsufa a bayan ƙofa, Baba yana kallonta daga gindin darbejiya.

"Wannan," na ce.

"Mintiyan?" ta tambaya, tana murmushi.

"A'a. Yau."

A kanti na ɗaura jan zare a mariƙinta, na tsaya a kanta har aka raba ta biyu aka zura cikin bututun roba na famfo. Ban ƙifta ido ba. Ina fita Alhaji Isufu ya cusa mini wata leda a aljihu. Ashe lawban tana da kwalin irin mai cokali a ƙarƙashin kanta, ragowar kayan da aka yi wa Turawa, shi kuma ya sa ta ƙirga masa dozin.

"Alhaji, ai Baba yana da nasa."

"Rufa mini baki. Ba a barin Caina da guda. Ka gaida tsoho, ka ce wani mahaukaci na Maraɗi ya aiko."

Kawu ya ce in jefa bututun a kwantena. Na ce kwantena sai ta yi watanni a teku, mai saye kuma ba zai jira ba. Haka na rungume shi daga jirgin ƙasa zuwa jirgin sama, ana tare ni a kowace ƙofa ana leƙa cikinsa.

Na isa Tiga da hantsi. Baba yana gindin darbejiya, ya rame fiye da yadda na bar shi. Yaya Habu ya zo daga Kano, kuma na lura an wanke kwale-kwalen an kife shi, kamar yadda ake wanke abin da za a miƙa wa wani. Na haɗa sandar na ba Baba. Ya karɓa da hagu, ya auna ta, ya kaɗa kanta.

"Wannan tsinken ka ƙetare duniya ka ɗauko?"

"Akwai masu kauri, Baba, amma na ga kamar..."

"Ku juya jirgin."

Muka tura kwale-kwalen, ni na tuƙa, Yaya Habu ya tsaya a gaɓa ya harɗe hannu. Baba ya nuna mini itatuwan da haɓa. Jifan farko ya faɗi a gefen jirgi. Na biyu ya naɗe a reshe, na miƙe na kwance. Sai ya gyara zama, ya kwantar da mariƙin a bayan damtsensa, ba wanda ya nuna masa, ya kaɗa. Mai cokali ya tafi ya sauka tsakanin kututture biyu. Hannun daman nan da ba ya ɗaguwa ya kama keken, yana juyawa a hankali.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Rana ta fara zafi lokacin da na ga ya riƙe numfashi. Ya jingina baya. Sandar ta sunkuya har kanta ya taɓa ruwa, keken ya yi ƙara, jirgin ya juya da kansa. Kifin ya yi tsalle sau ɗaya, fari fat, baki a buɗe, ya kusa kai tsawon ƙafata. Na ji Yaya Habu yana ihu daga gaɓa. Idona yana kan sandar, ina jiran ƙarar karyewa. Ba ta karye ba. Kifin ya nutsa ya zagaye kututture, zaren ya ce tas, sandar ta miƙe.

Mai cokalin Bature ya tafi. Na kasa kallon Baba.

Sai na ji jirgin yana girgiza. Dariya yake yi, da bakinsa mai ɗan karkata, har da hawaye.

"Ɗan banza! Jikan wancan ne, wallahi, na gane halinsa!" Ya goge ido da kafaɗa, ya dubi zaren da ke lilo ba komai a bakinsa. Dariyar ta ragu. "To, shi ke nan. Ya tafi da shi."

Na sa hannu a aljihu na fito da ledar Alhaji Isufu, na zazzage ta a cikin jirgin. Cokula suka yi ta walƙiya a tsakanin ƙafafunmu. Baba ya daɗe yana kallo. Ya zaɓi fari, ya kama zaren da haƙori, ya fara ƙullawa.

"Habu!" ya ɗaga murya, bai ko waiwaya ba. "Ka ce wa mutumin nan ya nemi jirgi a wani wuri. Kuma gobe kai za ka tuƙa ni. Wannan digiri ya iya saye, bai iya tuƙi ba."